Kaurar Kakata a Cikin Tulu

Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Autata ce ke riƙe da biro, ni ke magana, na kuma gaya mata kada ta gyara mini komai, har wuraren da ban fito da kyau ba.

A ƙauyenmu, can tsakanin Malumfashi da Funtua, a gindin wani baƙin dutse, idan aka ce kaura mai kyau, gayaunata ake nufi. Kakata ta wajen uwa ce ta zo da irin a ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta gidan miji. Ta ba uwata, uwata ta ba ni. Ƙwayarta rawaya ce kamar gwaiduwar ƙwan zabo. Tuwonta sai ya kwana biyu bai saki ruwa ba. Wuta-wuta, ciyawar nan mai fure da ke maƙale wa saiwar dawa tana shanye ta, takan tsuke gonakin mutane ta bar tawa tsaye tana rangaji.

Mutane suna cewa sa'a ce. Aikin hannu ne. Kwana kaɗan kafin girbi, tun raɓa ba ta bushe ba, nakan shiga gona ni kaɗai da ganyen kaba a kugu. Babbar zangarniya ba ta ruɗa ni, wannan aikin mai kwaɗayi ne. Gindi nake fara duba. Idan na ga kara ya tsaya ƙyam ga wuta-wuta kewaye da shi, sai in ɗaga kai in ga ko tsuntsu ya samu ya ci. In matsa zangarniyar a hannu, in ciji ƙwaya ɗaya. Idan ta yi ƙara a haƙori, sai in ɗaura mata kaba a wuya. Masu girbi sun san duk wadda ke da kaba ba ta shiga dami. Ni ke yanke su da kaina, in rataye su a saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har ruwan shuka.

Gonar da ke iyaka da tawa ta wata ƙawata ce, Kirista, mace mai ƙarfi da dariya kamar ana fasa itace. Tare muka tsufa a kan kunya. Ita ta wanke ni a haihuwata ta uku, ni na zauna da ita lokacin da mijinta ya rasu. Babu abin da na taɓa hana ta sai abu ɗaya.

"Ƙawa," ta ce da ni wata shekara, tana leƙen zangarniyoyin ta kan iyaka, "ko cikin tafin hannu ki sam mini."

Na ce, "Ki bari a yi girbi."

Da aka yi girbi na aika mata ƙwarya cike fal, har tana zuba. Amma sai da na surfe ta a turmi. Dawar da taɓarya ta cire wa dusa ba ta tsira. Haka nake yi wa kowa. Biki, suna, zakka, baƙo, ba wanda ya taɓa cewa ni marowaciya ce, amma kaurata ba ta fita gidana sai surfaffiya.

Ta maido mini ƙwaryar da gyaɗa a ciki. Ta ce, "Mun ci, mun lashe hannu. Sai dai turminki ya riga ni isa wurinta."

Muka yi dariya, ni da ita. Bayan shekaru ta sake tambaya, na sake aika mata surfaffiya. Nakan ce kakata ce ta hana, wai iri daga uwa sai 'ya. Ƙarya nake yi, yau kam na faɗa. Kakata ba ta taɓa cewa haka ba. Daɗi nake ji idan mutane sun tsaya a kan hanya suna nuna gonata da baki.

Autata ita ce ta yi karatu a cikin 'ya'yana. Tana koyar da 'yammata ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Funtua. Wani hutun kaka ta biyo ni gona tana ɗaga zane kada ƙarangiya ta kama ta, ta tsaya tana kallon yadda nake ɗaura kaba.

Ta ce, "Inna, kin san abin da kike yi ɗin nan shi nake koyarwa wata guda cur, yaran ba su gane ba?"

Na ce, "To ki kawo mini su, ki kawo albashin kuma."

Ta ce wai asalin dawa ciyawar daji ce, mai ƙananan 'ya'ya, da ta nuna sai ta kakkaɓe a ƙasa. Mutanen da can, ta ce, su suka dinga ɗaukar wadda ta riƙe 'ya'yanta suna shukawa, shekara bayan shekara, har ta zama abin da muke ci. Ta ce haka dukan masu rai suke. A kowace haihuwa ana samun ɗan bambanci, wanda ya dace da wurinsa shi ke rayuwa ya bar baya, da tafiya ta yi nisa sai jika ya daina kama da kakansa.

Na ce, "Ke, Malama, kiyayi bakinki. Allah ne ya halicci dawa."

Ta ce, "Shi ya halicci hannunki ma, Inna. Ya kuma bar ki kina zaɓe da shi."

Na san ciyawar da take nufi. Tana nan a bakin fadama, kanta kamar na dawa, ka taɓa ta ta zube. Kuma na tuna wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kaurar da na tashi na gani a gonar kakata ta fi tawa tsawo, tana kuma kaiwa har sanyi ya shiga kafin ta nuna. Da damina ta fara gajarta a zamanina, ina ta ɗaura wa masu saurin nuna kaba. A hankali tawa ta zama gajera, mai sauri. Ashe na canza ta da hannuna, ina ta rantsuwa cewa ita ce dai ta kakata.

A ranar ne ta nuna mini dutsen bayan gari ta ce wai shi ma da can narkakke ne a cikin ƙasa, ya huce ya daskare, ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ke kansa har ya fito. Ta ce ita kanta ƙasar da muke takawa falle-falle ce, kamar sakaina a kan ruwa, tana matsawa gwargwadon yadda farce ke tsawo. Wannan kam na yi mata dariya har na zauna a kan kunya. Na ce ta riƙe abinta.

Sai ɓarayin daji suka zo. Ba zan ba da labarinsu ba, kowa yana da nasa. Da rana tsaka suke ɗaukar mutum a gona. Aka daina shuka abu mai tsawo kusa da gari don kada su laɓe a ciki. Maigidana ya riga ya rasu, 'ya'yana maza suka watse neman abinci, autata ta ce in dawo wurinta.

Na sauke zangarniyoyin daga saman murhu na murje su da hannu, na sheƙe, na cuɗa da toka, na zuba a tulu na yaɓe bakinsa da laka. Ina cikin yaɓen ƙawata ta shigo. Ita ma tafiya za ta yi, wurin ɗanta a wani ƙauye kusa da Danja.

Ta zauna a kan turmi ta ce, "Can wurin ɗana har yanzu ana noma. Ba ni in shuka miki. Ranar da kika dawo in maido miki da sabo. Ba roƙo nake yi ba yau, ajiya nake nema."

Na ce, "Baɗi war haka ina gayaunata."

Ta ce, "Ƙawa, wannan taurin kan naki. Wata rana sai kin nemi abin nan a hannun wani."

Na nuna mata dutsen ta kan danga. Na ce, "Ranar da wancan ya matsa."

Ta tashi ta kaɗe zaninta, ta rungume ni. Ban sake ganinta ba.

A cikin mota a cinyata na ɗora tulun har Funtua, yaron mota yana ta mita wai ya cinye wurin mutum guda. Na sa shi a ƙarƙashin gadona a ɗaki mai rufin kwano. Da bazara ɗakin nan yakan yi zafi kamar tanderu. Damina ta zo ta wuce, ba mu koma ba. Ta biyu ma haka.

Kowace shekara idan hadari ya fara haɗuwa autata takan ce, "Inna, mu buɗe tulun nan. Iri rai gare shi. Numfashi yake yi a hankali, yana cin ɗan guzurin da ke cikinsa. Zafin nan kuma yana ƙara masa sauri. Ga fili a bayan gida."

Nakan ce, "Kaurar kakata a bakin kwata? Ga dawar maƙwabta a bayan katanga, iska ta kwaso bununin furenta ta zuba wa tawa, a haifo mini abin da ban san ubansa ba?"

"Gara wanda ba ki san ubansa ba da gawa, Inna."

"Shekara nawa kika yi kina ajiye iri da za ki koya mini?"

Abin da ban lissafa ba shi ne, duk tsawon rayuwata ban taɓa ajiye iri ya wuce rani ɗaya ba. Na iya zaɓe, na iya ratayewa, amma ban san iyakar kwanakinsa ba, don ban taɓa barinsa ya kai can ba. Toka ta tsare shi daga ƙwaro, ni kuma na ɗauka ƙwaro ne kaɗai ke kashe iri.

A damina ta shida wani ɗana ya je ƙauyenmu ya dawo ya ce rufin ɗakina ya rufta, gayaunar ta zama saura, ƙaya ta kai ƙirji. A ranar na ce a kawo tulun.

Na fasa lakar da kaina. Ƙwayar tana nan rawaya, ba huda ko ɗaya. Na ɗebo na nuna wa autata ina murmushi. Na ce, "To, Malama?"

Ta jiƙa tsohon ɗankwali ta shimfiɗa a faranti, ta jera ƙwaya ɗari layi-layi, ta rufe da faifai. Ta ce kwana uku zuwa huɗu mai rai zai fito da farin baki.

Kowace safiya kafin in karya nakan ɗaga faifan. Kwana uku, babu. Kwana biyar, suka kumbura suka fara wari. Kwana bakwai, funfuna ta rufe su. Na ce ɗankwalin ne, sabulu bai fita ba. Muka sake da wani. Na ce ruwan famfo ne, a tari na sama. Ta tari na sama. Ba ta ce mini ta faɗa ba ko sau ɗaya, da ta ce ma da na fi samun sauƙi, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Daga ƙarshe muka juye tulun gaba ɗaya a kan jiƙaƙƙen buhu. Cikin abin da zai shuke gona guda, tara suka tsira. Na tsince su da tsinke, na dasa a bayan gida, a bakin kwatar nan da na raina. Biyar suka mutu tun suna ƙanana. Huɗu suka yi kai.

Da suka nuna na je da kabata, don hannu ya saba. Na tsaya. Cikin huɗu me zan zaɓa? A gonata akwai masu zaƙin kara da jikokina ke sha kamar rake. Akwai masu baƙin ƙaiƙayi da tsuntsu ke tsoro. Na ɓare karan huɗun nan na tauna, duk salam. Na tambayi autata ko cikinsu akwai mai jure wuta-wuta. Ta ce ba za a sani ba sai an kai su inda take, kuma abin da babu a cikin huɗun nan ba zai dawo ba, don ɗa ba ya gadon abin da iyayensa ba su ɗauko ba.

Na yanke zangarniya biyu na naɗe a zane, ban murje ba, ban kai su kusa da turmi ba. Na ce ta raka ni Danja. Muka hau bas, muka sauka muka hau babur har ƙofar gidan ɗan ƙawata. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Na yi niyyar in ce mata dutsen ya matsa, 'yata ta ce dama yana matsawa, ta yi dariyar nan tata.

Surukarta ce ta fito. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Ayya, Mama, ba ku ji ba? Bara da bazara ta rasu. Kullum tana maganarki. Har wani ɗan fili ta hana a shuka a bayan coci, wai na kaurar ƙawarta ne."

Na zauna a kan dakali. Na kwance zanen na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, yarinya mai ladabi. Ta ce, "An gode, Mama. Sai dai mu yanzu masara muke yi da waken suya. Filin ma an sa masara bana. Amma zan gaya wa maigidan."

Ta ɗora su a bakin taga ta shiga kawo mana ruwa. Wata kaza ta yi tsalle ta hau. Na tashi na kore ta, na tsaya a wurin riƙe da zanen, ina jiran matar ta fito in roƙe ta ta rataye su a saman murhu.