Taraktar da Za Ta Wuce Tsakanin Kanya Biyu

Glenwood

Mun bar gidanmu na unguwar Glenwood bayan sallar asuba, wata Asabar cikin Nuwamba, fitilun titi suna ci. Ni ke tuƙi, mahaifiyata Inna tana gefena da fulas ɗin kunu a cinya. Akwatinta yana inda ta ajiye shi tun makonnin baya, a ɗaure, a bakin ƙofar ɗakinta.

Inna ta zo wurinmu birnin Greensboro, a ƙasar Turawa, bara, lokacin da matata ta haihu. Manomiya ce tun tana yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, kuma ta faɗa mini ba za ta ƙara damina a bayan taga tana kallon motoci ba. Saboda ta zauna na sayi fili eka uku a Pleasant Garden, wani ɗan gari a kudancin birnin. Amma nan babu gayya, babu 'yan ƙwadago, ni kuma Asabar da Lahadi kaɗai nake da su. Sai da ƙaramar tarakta, ga shi ban taɓa hawa ko ɗaya ba. Neman shawara a kanta ne ya fitar da mu.

Zangon farko bai kai mil ɗaya ba. Malam Sani, ɗalibin injiniyan noma a jami'a, ya fito da jallabiya da hular sanyi, ya durƙusa ya gaida Inna ta tagar mota.

"Eka uku ba ta son babba," in ji shi. "Ƙarfin doki ashirin da 'yan kai ya ishe ka. Ka tabbata ƙafafun huɗu duk suna ja, don ƙasar nan jan laka ce, idan ta jiƙe riƙe taya take. Ka sa mata cokalin ɗiban ƙasa a gaba. Kuma don Allah kar ka sayi fenti. Mutanen nan suna goyon bayan launin tarakta kamar ƙungiyar ƙwallo."

"Ɗan nan, tana huɗa?" Inna ta tambaya.

"Tana yi, Hajiya. Akwai garmar da ake ɗaura mata a baya, ta tayar da kunya."

"To, mu gani," ta ce, ta mayar da ido kan titi.

Wendover

Rana tana fitowa muka hau babban titin Wendover. Manyan kantuna ba su buɗe ba, filayen ajiye motocinsu fayau, hazo yana kwance a kai kamar an shanya farin ƙyalle. Mun sha kunu da ƙosai a mota har aka buɗe ƙofar wani gidan sayar da kayan noma da ke can bayan titin.

Taraktocin suna jere, raɓa a gadon bayansu, kamar shanu a garke kafin tatsa. Mai sayarwa, wani dogon Bature mai fara'a, ya nemi ganin filin. Na nuna masa hotonsa na sama a waya. Ya sa yatsa a kan wasu itatuwa da ke tsakiya, ya ce shawararsa in ƙara girma kaɗan, in kawo katafila ta tumɓuke itatuwan, sai in riƙa jan layi sambal daga wannan iyaka zuwa waccan.

Na hau wadda ya nuna. Kujerar tana da laushi, ƙasa ta yi nisa. Daga can sama na ga dawa ta fitar da kai har ƙarshen gani, na ga kubewa da yakuwa, na ga 'yata tana gudu a tsakanin kunyoyi tana kiran kakarta da Hausa. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

"Me ya ce?" Muryar Inna ta sauko da ni.

Na fassara mata.

"Waɗanne itatuwa ne?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ka sayi gona ba ka gaisa da itatuwan cikinta ba?"

Baturen ya tambaya ko Mama ta yarda. Na ce masa za mu dawo.

Hanyar kudu

Daga nan muka yi kudu. Babu shinge, babu mai tsayar da kowa, sai gidaje suna ƙara nisa da juna. Ganyayen itatuwa sun koma ja da rawaya, suna zubowa a hankali a gaban gilashi. Inna ta ce a gida idan itace ya yi haka an gama da shi. Na ce waɗannan barci za su yi, su farka da bazara. Can na ji tana wata 'yar waƙar daɓe a ƙasan maƙoshi, wadda rabona da jin ta tun ina ƙarami.

Pleasant Garden

Baba Ishaku mutumin Filato ne, dattijo a cocinsu, ya yi ritaya daga aikin asibiti. Gonarsa tana iyaka da filina, kuma shi ya fara gaya mini ana sayar da shi. Matarsa, Mama Saratu, ta tarbe mu da gwate mai zafi, ta zuba wa Inna har sau biyu.

"Mama, ɗanki ya zo sayen tarakta ko ya zo mafarki?" in ji Baba Ishaku. "Kullum sai ya tsaya a bakin filin nan, hannu a aljihu, yana murmushi shi kaɗai."

"Haka ubansa yake," Inna ta ce. Karon farko ke nan da ta yi dariya tun safe.

Na gaya masa abin da aka ce a Wendover. Ya ce mai sayarwa bai yi ƙarya ba, babba ta fi saurin aiki, kuma tasa ƙaramar taraktar takan sha wuya idan laka ta bushe, sai ya bi wuri sau biyu. "Amma mu je filin tukuna. Ku yi gaba, ina zuwa da tawa."

Muka taka. Filin ya kasu biyu: tudu a sama, da wata 'yar fadama a ƙasa kusa da rafi. Tsakaninsu kwazazzabo ne, in ban da wata busasshiyar hanya guda da ta ratsa tsakanin itatuwa biyu. Su ne Baturen ya sa wa yatsa. Ganyensu ya zube sarai, sai 'ya'ya ruwan goro suna reto a rassa, rana tana ratsa su.

Inna ta tsaya. Ta je ta ɗora tafin hannu a kan ɓawon, baƙi mai tsage-tsage, ta daɗe a haka.

"Kanya ce," ta ce.

Na ce 'ya'yan kanya ba sa girma haka. Na miƙa hannu na tsinko ɗaya na gatsa. Nan take bauri ya ɗaure mini baki, harshena ya zama kamar tsumma. Baba Ishaku, wanda ya iso a kan taraktarsa, ya kashe inji don ya ji daɗin dariya.

"Wa ya ce maka ana tsinka?" in ji Inna. "Wadda ta faɗo ake ɗauka." Ta sunkuya ta tsinci wata luguɓuɓɓiya a cikin ciyawa, ta hure, ta sha, ta lumshe ido.

Baba Ishaku ya ce danginsu ɗaya da kanyar gida, sai sanyi ya dake ta take zaƙi.

Inna ta ce a gonar mahaifinta akwai guda biyu haka. A ƙarƙashinsu ake sauke furar manoma, a nan aka kwantar da ni ina jariri ranar da ta koma noma. Ta juyo ta dube ni.

"Ba a sare kanya a gona. Kewaye ta ake yi. In katafila ta shigo nan, ka kai ni filin jirgi."

Sai ta yaye mayafinta. Ta ba ni gefe guda na riƙe a jikin itacen hagu, ta ja zuwa na dama, ta ƙulla inda ya tsaya. Ta nufi taraktar Baba Ishaku, ta shimfiɗa mayafin daga tayar baya zuwa 'yar'uwarta. Ƙullin ya wuce tayar da kamar taƙi biyu.

"Malam Ishaku, bi mu gani."

Ya tayar da inji, ya sunkuyar da kai, ya shiga a hankali. Reshe ya shafi hularsa, kanya biyu suka faɗo cikin cokalin gaba. Ya fita ta ƙasa, ya sauke garma, ya ja kunya ɗaya a fadamar, ja wur, tana tururi cikin sanyi. Inna ta bi ta da ƙafa har ƙarshe. Ta ɗebi ƙasar ta murza, ta sunsuna.

"Irin wannan za ka saya," ta ce. "Kowane launi."

Komawa gida

Mun iso Glenwood ana shirin magariba, da kanya cike da kwanon Mama Saratu. Mayafin yana kujerar baya, ƙullinsa ba a kwance ba, don da shi zan koma Wendover.

Bayan salla Inna ta ja akwatinta zuwa tsakar ɗaki, ta kwance igiyar. Daga can ƙasa, cikin wani tsohon zane, ta fito da ruwan fartanya, bakinsa ya cinye saboda aiki. Ban san ta zo da shi ba.

"Taraktarka ba za ta yi mini noma a gindin kanya ba," ta ce. "Ka nemo mini ƙota."

Ina godiya ga Malam Sani, da Baba Ishaku da mai ɗakinsa, da Baturen da ya yi haƙuri da mu. Godiya mafi girma ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Akwatin yanzu yana ƙarƙashin gado, babu komai a ciki.