Makokin Gidan Dalman

Kun dai san Baba Sale bakanike, kafin ya amsa gaisuwarka sai ya jefo maka tambaya: "Akwai labarin mutanen gidanmu?" Mutanen gidan nan kuwa Jamusawa ne! Wani injiniya mai suna Dalman ya koya masa gyaran mota tun yana saurayi, shi ke nan duk mai wannan suna a duniya ya zama danginsa. Shi kuwa ba ɗa ba jika, ba shi da kowa a Jidda, abin kuma yana cin sa a rai.

Shagon ɗinkina yana jikin garejinsa a unguwar Karantina, ni nake duba masa labarai a waya. Ran nan na ce, "Baba, wata Dalman ta ci gasar gudu."

"Mashallah! Yalla, maza a kawo lemo!"

"Ka san ta ne?"

"Dubi ƙafarta, ya shaikh! Ƙafar gidanmu ce."

Da ya ji wani farfesa Dalman ya rubuta littafi, sai da aka kawo masa shi daga Jamus. Ko baƙi ɗaya bai iya karantawa. Na ce, "Me ka fahimta a ciki?" Ya ɗora min shi a hannu. "Ji nauyi! Ƙarya ba ta kai haka."

Sai wani tsohon makaɗi Dalman ya mutu. Wallahi Baba ya jera kujeru a layi kwana uku, ga gahawa ga dabino! Liman ya zo yana rarraba ido. "Sale, mamacin nan Musulmi ne kuwa?"

"Liman, ban ce ka yi masa salla ba. Ni aka yi wa rashi, ni za ka yi wa gaisuwa. Halas, shi ke nan!"

Liman ya kurɓi gahawa ya ce, "To, Allah ba ka haƙuri."

Bayan rusau ya watsa Karantina na je duba shi a ɗakin da ya kama. Ya ce, "Idi, an tarwatsa mutane. Ranar tawa wa zai zauna?" Na mayar da maganar wasa.

Da ya rasu na jera kujeru talatin ina ta duban hanya ko za a zo. Sau uku ana ƙaro wasu. Daga unguwar Nuzla, daga ta Bagdadiyya, har daga Makka aka zo, kowa kuma aka tambaye shi sai ya ce shi ɗan'uwan mamacin ne.

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya sa ya huta, ya sada shi da nasa na jini a Aljanna.