Murɗin Hagu

Ni ba na son kaɗi. Ban so shi ina yarinya ba, ban so shi ina matar aure ba, yanzu ma da idona ya daina ganin zare ban huce ba. Dalili kuwa, bahaguwa aka haife ni. Matar da ta riƙe ni a Kibiya ta shekara biyu tana bugun hannun nan kafin ya saki mazari ya bar wa dama. Ita kuwa dama ba ta taɓa iyawa ba. Zarena nan kauri, nan siriri, ja kaɗan ya tsinke. In na ga tsakar gida ba kowa, sai in shige ɗaki in saki asabari in mayar da mazari hagu. A nan zare ke fita sumul. Amma mazarin da hagu ta murza baya yake juyawa, murɗin zaren ya saɓa da na sauran mata, masaƙa ba sa karɓa. Sai dai in ɗinke tsumma da shi.

To, shekarar da Nasara suka sa aka ɗebi maza aikin hanyar jirgi, maigidana yana cikin waɗanda aka ɗiba daga Rurum. Gida ya koma hannun uwarsa. 'Ya ɗaya gare ni a raye, ta fara famfara. Uku sun koma tun kafin yaye.

Ran nan ina tankaɗe surukata ta tsaya a kaina ta ce, "Ke 'yar nan, yarinyar nan ta isa kaɗi. Ke kuwa mun san hannunki. Gwaggonta ta Durba ta aiko tana son riƙonta, can za ta koya."

A wurinmu uwa ba ta buɗe baki ta ce a bar mata ɗanta, abin kunya ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, a ba ni zuwa a gama tsinkar audugar bana, in gwada."

"Ki gwada me? Ki koya mata yadda ake tsinka zare?" Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "To, na ba ki. In masaƙi ya karɓi zarenta ta zauna. In ya dawo da shi, sai Durba."

Shi ke nan muka fara. Gurzar auduga da ƙarfe a fitar da angurya, wannan na koya mata a kwana uku. Shiɓa da ɗan baka har audugar ta tashi kamar kumfa, wannan ma ba wuya. Sai aka zo kan mazari. Kullum in an gama aikin safe mu zauna gindin rumbu, in shafa alli a yatsu, in riƙe auduga a hagu, in murza da dama, ina cewa kalli nan, kalli nan. Kafin in rufe baki zare ya tsinke. In ƙulla, ya tsinke. Ita kuwa ta kwanta da dariya. "Iya, naki ma ya tsinke!" Ta karɓa ta gwada, mazari ya faɗi ya gangara ƙarƙashin rumbu, kaji su watse. Haka muka yi wata guda, makauniya tana nuna hanya.

Ana nan ana nan, wata rana na dawo daga rijiya na same ta ita kaɗai bayan ɗaki tana kaɗi. Mazari yana ta kuka a cikin ɗan ƙoƙo, zare yana hawa siriri, ba kauri ko ɗaya. Na duba hannun. Hagu ce. Ashe ta daɗe tana leƙena ta asabari.

A nan na yi kuskurena. Ban hana ta ba. Na tsaya da tulu a ka ina kallo, raina yana cewa ban taɓa ganin zare mai kyau haka ba, kuma masaƙin namu tsoho ne, wataƙila idonsa ba zai gane ba. Na bar ta ta cika mazari uku.

Masaƙin ƙanen kakanta ne, yana shigowa har tsakar gida. Ya zo yana tsokana. "Ina amaryata mai wawulo? Kawo in ga abin da za a saƙa mini riga da shi."

"Ni ba na auren mai furfura," in ji ta, ta miƙa masa tana tsalle.

Bai ma duba ba. Ya kama bakin zaren ya murza tsakanin yatsu biyu, zaren ya buɗe. Ya sake murzawa. Can ya ce, "Amarya, hannunki hannu ne. Amma wannan murɗin hagu ne. In na haɗa shi da na mutane, ƙyallen nannaɗewa zai yi kamar busasshen ganye, 'yan marina su yi mini dariya har Rano."

Surukata ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba. "Na san inda aka samo shi," ta ce. "Saura wata ɗaya."

Washegari na yanko tsumagiya. Na naɗe mata babban yatsan hagu da tsumma yadda zai riƙe auduga amma ba zai murza ba. In hannun ya nufi mazari, in tsula. Na ji bakina yana faɗin abin da aka faɗa mini a Kibiya, kalma bayan kalma: wannan hannun tsarki ne, ba na sana'a ba. Ta ɗago ido ta ce, "Iya, ai ke ma da shi kike yi a ɗaki." Dukan da na yi mata a kan wannan maganar ya fi na kullum, don gaskiya ta faɗa. Daga ranar ba ta ƙara yi mini dariya ba in zarena ya tsinke. Sai ta jira in ƙulla.

Kwanci tashi dama ta kama. Zarenta ya fi nawa, bai kai rabin na hagunta ba. Masaƙi ya dawo, ya murza, ya ce madalla, wannan zai hau. Ya tsokane ta, ta kau da kai. Surukata ta ce, "To, ta zauna. Kin yi ƙoƙari, 'yar nan." Tun da na zo gidan ba ta taɓa yaba mini ba sai ranar.

Sai yarinyar ta matsa gaban kakarta ta durƙusa. "Inna, ni ina son zuwa wurin Gwaggo."

"Ke! Bayan wahalar da uwarki ta sha?"

"Ina so in tafi."

Tsohuwar ta juyo ta dube ni, tana jira. A gaban masaƙi, a gaban matan gida, me zan ce? Na ce, "Inna, ai 'yarku ce."

Ni na wanke mata zane, ni na ɗaure mata kaya. Ranar kasuwa aka zo ɗaukarta. Matan gida suka raka ta har bakin zaure, ni ina ɗaki, don uwa ba ta rakiya. A Durba ta girma, a can aka yi mata aure, gwaggon take kira Iya.