Mai Ƙahoni da Faranti

Shekarun baya, ina dawowa gida Rano daga koyon aikin kwamfuta a Kano, kawuna ya samo min aikina na farko. Wata babbar ƙungiyar manoma ce ke son a haɗa mata waifai a ofishinta, shugabanta kuma, Alhaji, aminin kawu ne tun suna makarantar allo. Kawu yana cikin kwamitin ƙungiyar, kuma bai taɓa tsaya wa kowa ba, amma ni ya tsaya min. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai, fuskata na ba ka aro. Ka dawo min da ita yadda take."

Ofishin tsohon gini ne dogo, bangonsa kauri gare shi, ɗakuna reras, kowanne cike da ma'aikata. Ranar rajistar taki kuwa manoma ke cika harabar, daga Lausu, daga Yalwa, har daga Kahu ta Kibiya. Zafi na tasowa sai ma'aikata su kwaso teburansu su dawo gindin darbejiya, rabin aikin a can ake yin sa. Na zagaya na duba, na ga na'ura ɗaya ba za ta ɗauki wannan taro ba. Sai na zaɓi ƙanana farare da ake mannawa a silin, a rarraba su cikin ginin da kebul, a kuma sa mai jure ruwa da rana a waje.

Ranar zaman kwamiti na sha babbar riga, ina jin kaina injiniya. Alhaji ya kalli hoton farar na'urar da na miƙa masa, ya juya shi sama da ƙasa.

"Ɗana, wannan ai faranti ne. Ni na ga wata a Kano, baƙa, ƙahoni ta ko'ina. Ita za a sayo a ajiye a ofishina. Ko a kara, sa mai ƙaho ake fara kallo."

Aka yi dariya. Ni kuwa na gyara murya zan zazzage duk karatun da na yi, a gaban ma'aikatansa. Ban kai ga kalma ta biyu ba kawu ya take min ƙafa a ƙarƙashin tebur, takun da har yau ɗan yatsana bai manta ba.

A hanya ina ta huci. Na ce, "Kawu, wallahi in aka sayo ta aikin nan ba zai yi ba, kuma ni za a zaga."

"Ni za a zaga," in ji shi. "Amma babba ba a gyara masa magana a gaban yaransa. Yana da zaure, kana da ƙafa."

Na aro mai ƙahoni a wurin wani abokina, na kunna ta a ofishin Alhaji. Bayan la'asar na je zaurensa, na tsuguna, muka gaisa har da tambayar shanu da damina. Sannan na roƙe shi ya taka mu je ya gwada ta da wayarsa, tunda ma'aikata sun tashi.

A ofishinsa sabis ya cika fal, sai murmushi yake. Muka wuce bango ɗaya, ya ragu. Muka ƙara gaba, hoto ya tsaya yana ta juyi. Kafin mu kai gindin darbejiya babu komai. Alhaji ya ɗaga wayar sama, ya girgiza ta, shiru.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfi tana da shi, amma ita kaɗai ce. Ko babu bango, kamar a ce mace ɗaya ta raba wa gidan biki abinci ne."

Ya juyo gare ni. "Wa ka nuna wa wannan?"

"Babu kowa, Alhaji."

Washegari ya tara kwamiti, ya ce ya kwana yana nazari, ya gano cewa faranti da yawa sun fi sa guda. Har misalin gidan bikina ya kawo, aka yi ta jinjina wa hangen nesansa. Ina zaune ina gyaɗa kai, abin yana min ciwo kuma yana ba ni dariya.

Ranar rajista harabar ta cika maƙil, kwamfutoci suna aiki ciki da waje, babu wanda ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Da yamma na ji Alhaji yana ce wa kawu, "Ɗan naka ya iya aiki, kuma ya iya bakinsa."

Tun daga lokacin na haɗa wa ofisoshi da dama, kuma na gane zaɓen na'ura shi ne mai sauƙin. Har yau ina tuna abin da kawu ya gaya min muna komawa gida a yammacin ranar rajistar, don sai a ranar na san abin da ya jingina a kaina.

"Da ka kunyata shi a zaman nan, ko sabis ɗinka ya kai Kibiya, ni da zaurensa sai dai kallo. Kuma shi kaɗai ya rage min cikin waɗanda muka tashi tare."