Laifin Wanda Ya Haɗa Su

Kafin in faɗa kasuwancin takalma na yi koyarwa a Kano, shi ya sa a masaukinmu na Guangzhou kowa Malam yake kirana. A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin ba mu da yawa a garin. Ɗakinmu ɗaya da wani Alhaji ɗan Maradi, sarkin gardama, da wani mutumin Kumasi da ke yi mana dillanci yana tura mana kaya ta jirgin ruwa.

Mutumin Kumasi ya daɗe bai je gida ba, kuma mun san dalili. Shi ya lallashi amininsa ya biyo shi China, zazzaɓi ya kama aminin, a nan aka binne shi. Tun daga nan ya kasa komawa ya fuskanci matar mamacin da 'yarsa. Ba ma tayar da zancen.

Wani mako aka yi ta ruwa, mai shagon da muke sari a Zhanxi Lu, layin 'yan takalma, kuma kullum "meyo" yake ce mana, wato babu, kaya ba su iso ba. Zaman banza ya sa na ɗauki wani tsohon littafin labari na Amurka da wani baƙo ya bari, ina karantawa ina juya musu da Hausa, ina ƙara gishiri duk inda marubucin ya yi rowa. Labarin wani attajiri ne da ya mace a kan matar wani. Maƙwabcinsa ne ya haɗa su shan shayi. Daga baya matar ta kaɗe wata mace da motar attajirin, shi kuma ya rufa mata asiri. Mijin mai tuƙin ya tura mijin wadda aka kaɗe gidan attajirin, ya je ya harbe shi.

Nan Alhaji ya ɗaga hannu ya ce in dakata, sai an yi shari'a. Na ce ai babu shari'a, wanda ya yi harbi shi ne mai laifi.

"Wanga mahaukaci?" in ji Alhaji. "Aike shi anka yi, Malam."

"Massa, matan ne," in ji mutumin Kumasi, wato maigida, matar ce, don Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji. "Ya tuƙa mota, ya kashe mutum, ya gudu."

Muka yi ta kai ruwa rana har shayi ya huce. A shari'ar tamu an kama mijin da ya yi aiken, an sake shi. An kama attajirin da kansa, don Alhaji ya ce mai bin matar aure da ƙafarsa ya kai kansa. Ni dai daɗi nake ji, ban taɓa samun aji mai zafi irin wannan ba.

Sai Alhaji ya bugi cinya. "Duk ba ku san kasuwa ba! In ciniki ya ɓaci, wa ake kamawa? Dillali! Wanda ya haɗa su, shi ke da alhaki. Da ya bar mutum inda ya gan shi, da yana nan da ransa."

Mutumin Kumasi ya ajiye kofinsa a hankali. Sai a lokacin ni da Alhaji muka tuna da amininsa. Can mutumin Kumasi ya gyara zama ya yi magana, bai kalli kowa ba.

"Malam, ba a gama ba. Wa ya binne attajirin?"

Na duba shafukan da suka rage. Maƙwabcin ne. Shi ya yi ta neman mutane, duk masu cin liyafar attajirin suka ɓace, shi ya tsaya a bakin kabari cikin ruwan sama. Wannan karon ban ƙara gishiri ko kaɗan ba.

"To na janye," in ji Alhaji. "Wanda ya tsaya har anka rufe ƙasa, wanga ɗan'uwa ne. Ajali kuwa ba dillali ke kawo shi ba."

Washegari ruwa ya ɗauke, muka fita Zhanxi Lu. Mutumin Kumasi ya tsaya a shagon takalman yara ya daɗe yana jujjuya wani ɗan ja mai maɗauri. Mai shagon ta tambaye shi lamba da yatsu. Ya buɗe tafin hannunsa zai gwada tsawon ƙafar, sai ya tsaya.

"Malam, yanzu ya girma," ya ce. "Ban san ƙafansa ba."

Alhaji ya ce ya ɗauki manya da ƙanana, in ya isa Kumasi 'yar marigayin ta gwada da kanta.