Wa Ya Motsa Hoton Oga Ishaku?

Wane ne a cikinku ya taɓa hoton Oga Ishaku? Da kai nake, mai karatu, ko kai ka yi aikin, ko ka tura wa wani, ko ka kalla ka manna alamar kuka a ƙasa ka wuce. Tsaya ka karanta. Mutumin nan har yau yana kwance a ɗakin ajiye gawa, kuma hoton nan ne ya hana a binne shi.

Labarin ya same ni da hantsi a shagonmu na tace bidiyo da ke Unguwar Kanawa. Ina cikin haɗa bidiyon bikin wasu mutanen Unguwar Dosa sai ga kira daga lambar matarsa, Anti Rifkatu, amma muryar namiji na ji. Ya ce, "Kai ne Yohanna? Rufe shago ka zo asibiti." Tirela ce ta bi ta kan babur ɗin Oga a hanyar Kawo, yana kan hanyar kai wa wani aikinsa. Kafin in isa an riga an rufe shi da mayafi. Wani dattijo ya riƙe min hannu ya ce kada in buɗe, abin da ya rage na fuskar ba na gani ba ne.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Karatuna a jikin allunan talla da takardar ƙunshe ƙosai na tsince shi. Ina sana'ar cajin waya a bakin titi Oga Ishaku ya ji ni ina karanta wa wani saƙon banki, ina yi ina zagin wanda ya rubuta. Ya yi dariya ya ce, "Wannan bakin naka, in aka ba shi kwamfuta zai yi sanyi." Bai yi sanyi ba, amma ya ba ni kwamfutar. Duk wanda ya bi ta shagon nan ya san dokarsa ta farko: "Adana aiki kafin ka yi dariya." Ya san halin wutar garin nan. Ban taɓa jin ya ɗaga murya don yaro ya ɓata aiki ba. Kujera yake jawowa ya zauna kusa da kai, ya naɗe hannu, har sai kunya ta sa ka gyara.

Ina nan ranar da ya kawo abin da muke kira ɗan goyo. Ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa babbar manhajar tace bidiyo a baya, shi ya sa ya raɗa mata sunan. Aikinta ta ɗauki hoto sandararre ta sa shi motsi. Mun sha wuya kafin ta zauna. Ana tsakiyar saukewa aka ɗauke wuta, muka tada janareta muka sake daga farko. Da ta sauka, na jefa ta a jakar kwamfuta da ba tata ba, babbar manhajar ta ƙi ganinta, ina ta tsine wa waɗanda suka ƙera ta. Ya ce, "Yohanna, ba su yi maka komai ba, karanta." Ya sa na karanta bayanin layi bayan layi, har dogon sharaɗin nan da kowa ke tsallakewa. Ya ce wanda ya danna "na yarda" bai karanta ba, wata rana zai tashi ya tarar ya sayar da gonar ubansa.

Da ta kama aiki muka gwada da hotona. Na ƙifta ido, na juya kai, na yi murmushin da ban taɓa yi ba. Muka yi ta ihu. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Na mai rai, ku yi yadda kuka ga dama, in bai so ba zai zo ya yi faɗa. Na mamaci, ba a taɓa fuska."

Ba a jima ba wani ɗan kasuwa daga Unguwar Sarki ya kawo hoton mahaifinsa da ya rasu, yana so a sa shi ya yi murmushi ya gaida jikoki. Oga ya ce a'a. Mutumin ya ce, "Haba maigida, ubana ne fa." Oga ya ce, "Shi ya sa, Alhaji." Ya ba shi kujera. A kan allon kwamfuta ya zagaye fuskar tsohon ya kulle ta, ya sa ganyen darbejiyar da ke bayansa ya riƙa kaɗawa, gefen babbar rigarsa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Tsohon yana zaune cif yadda ya zauna ranar da aka ɗauke shi, duniya ce kawai ke motsi a gefensa. Alhajin ya cire hula ya rufe fuska. Bayan ya tafi Oga ya ce min, "Iska muke sa wa hoto. Rai na Allah ne."

To, ku ji abin da aka yi wa mai wannan magana. Gawarsa ba ta gama sanyi ba wani ya ɗauki hotonsa na bikin Kirsimeti ya loda wa ɗan goyo. Ya sa shi ƙifta ido, ya sa shi murmushi, ya buɗe masa baki ya liƙa murya: "Kada ku yi kuka, ina nan lafiya." Ya watsa a zaurukan waya. Na kalli bidiyon a hankali. Kwalar rigar tana kaɗawa daidai yadda Oga yake koyarwa, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ba baƙo ba ne. Hannun wanda ya ci tuwo a shagonmu ne.

Bidiyon ya riga mu isa ƙauye. Wata jika ta nuna wa Mama Saratu, mahaifiyarsa, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. Ta tashi daga tabarmar makoki ta wanke fuska, ta kori masu haƙa kabari daga bayan gida. Fasto ya yi magana, dattawa sun yi, ta ce ita da idonta ta ga ɗanta kuma da kunnenta ta ji ya ce yana lafiya. Kai ta ta ga gawa kuwa, wa zai buɗe mata wannan mayafin?

Na ɗauki kwamfuta na tafi ƙauyen. Na durƙusa gabanta na ce, "Mama, aikin inji ne, bari ki gani." Na ɗauki hotona a gabanta, na sa shi ya ƙifta ido ya yi dariya. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta shafa kaina.

"Ka gani ko, Yohanna? Kai ma ai da ranka, shi ya sa naka ya motsa."

Wani kawu ya ciro hoton marigayi mijinta daga bango ya miƙo min. Ya ce, "Motsa wannan, ɗana, ita ta binne shi, sai ta yarda." Na riƙe hoton. Da na yi, da magana ta ƙare a wurin. Na mayar da shi kan ƙusarsa. Ku kira ni mai taurin kai, na ji. Ba zan sa tsohuwa ta ga mijinta yana mata murmushi daga kabari don in gyara ɓarnar wani ba, kuma ba da hannun da Oga ya koya wa aiki ba. Da zan tafi ta ƙulla min gyaɗa a leda ta ce in kai wa Ishaku. Ta ce maganar mutum ɗaya za ta saurara, wanda ya ɗauki bidiyon, don shi ya san inda ɗanta yake.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Ishaku, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka riƙe Anti Rifkatu da yaranta, waɗanda aka hana su ko kabarin da za su tsaya a kai. Ka tausasa wa Mama Saratu ranar da gaskiya za ta same ta, don mutuwar nan sau biyu za ta ji ta. Amin.

Kai kuma da ka yi wannan aiki, wataƙila ƙauna ce ta sa ka, ban damu ba. Kada ka kira ni a ɓoye, kada ka turo min saƙon ban haƙuri, ba ni ka yi wa ba. Ranar Asabar za a yi hidimar waƙoƙi a ƙofar gidansa. Ka miƙe a gaban jama'a ka faɗi sunanka, ka ce kai ne. Daga nan akwai mota, za mu tafi ƙauye tare, ka durƙusa gaban Mama Saratu ka amsa mata tambayarta da bakinka: ina ɗanta yake?