Ƙyallen da Na Cusa wa Motar Baba

Lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, kunya ce ta yi mini katutu. Ko abin da na sani malama ta tambaya, sai in sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. Amma ido kam Allah ya ba ni, ba abin da ke wuce ni. Babanmu yana da wata tsohuwar farar bas da aka cire wa kujerun baya. Da ita yake ɗaukar dilolin atamfa daga Fagge ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, ita ce cinmu, ita ce shanmu, kuma a cikinta nake zuwa makaranta. A gida Hajiya Babba muke ce mata, don Baba ya ce ta girme mu duka, kuma sai an lallaɓa ta take tashi.

Wata Asabar yana wanke ta a ƙofar gida, na tsuguna ina miƙa masa soso, sai na hango wani siririn tiyo a saman tayar baya, bakinsa a buɗe, warin fetur yana ɗan fita. Na tuna kullum Baba yana cewa Hajiya Babba ta fi raƙumi sha. Na ce a raina, ashe ta nan man yake gudu. Da ya tafi sallar azahar na ɗauko ragowar atamfar ɗinkin sallata, kore mai zanen ganye, na murɗe ta, na tura ta cikin tiyon da tsinken tsintsiya har ta ɓace. Nufina in ya lura mai ya daina ƙarewa, sai in ce ni ce.

Ranar Litinin muka tsaya a gidan mai. Mai zubawa na matsawa famfo ya yi ƙas ya tsaya. Ya sake, fetur ya yi tsalle ya dawo ya jiƙa masa takalmi. Ya tambayi Baba ko Hajiyar azumi take yi, aka yi dariya. Daga ranar, abin da ake zubawa a minti biyu sai ya ci rabin awa, ɗigo-ɗigo, masu a-daidaita-sahu a baya suna ta hon suna cewa a ba ta da cokali. An juya bakin famfo sama da ƙasa, an sauya murfi, an gwada mazurari da jarka. Wani ya ce a jijjiga ta, maza huɗu suka yi ta girgiza motar ina ciki kamar ana tankaɗe. Na lura duk sa'ad da aka buɗe murfin sai ta yi huci, fuuu, na kuma san dalili. Kullum in ce gobe zan faɗa.

Goben nan ta kai mako uku. Wani bakanike ya ce tsatsa ta cinye wuyan tankin, wani ya ce sai an sauke tankin gaba ɗaya. Baba ya riƙa makara, har wani Alhaji da suka daɗe tare ya fara ba wata mota kayansa. Rannan na ji yana gaya wa Inna cewa tsufa ya kama Hajiya Babba, wani mai sayen tsofaffin motoci zai gan ta ran Asabar a Sabon Gari, ya farfasa ta ya sayar da kayan.

Na roƙa ya tafi da ni. A garejin wani dattijon bakanike muka sami mutumin, yana zagaya ta yana harbin tayoyi, yana cewa ƙofofin ne kawai abin kirki. Da na ga Baba ya zaro makulli yana shafa shi da yatsa, ban san lokacin da na riƙe masa hannun riga ba.

"Baba, ni na toshe ta."

Kowa ya juyo. Na tsuguna na nuna tiyon, ina bayani. Dattijon ya kwanta a ƙasa da wata lanƙwasasshiyar waya, ya yi ta zungura, sai ga koren ƙyalle ya fito, ya yi baƙi amma ganyen na nan. Ya ɗaga shi sama yana dariya har da hawaye. Ya ce tanki kamar buta yake, in iska ba ta sami hanyar fita ba, ruwa ba zai shiga ba.

"'Yata, hancinta kika toshe. Ke a toshe miki hanci a ba ki kunu mu gani."

Baba ya daɗe yana kallon ƙyallen. Na zaci duka ne, sai ya ce ai ya gane atamfar, shi ya zaɓo mini ita. Ya ba mai saye haƙuri, muka wuce gidan mai, Hajiya Babba ta sha har ta ƙoshi ba ko tari. A hanya ya ce mini toshewar ba ta dame shi ba, niyya ce mai kyau, shirun mako ukun ne ya kusa raba mu da abin nemanmu.

Har yau ƙyallen yana ɗaure a madubin gaba. Ina kallonsa in tuna cewa kunyar da na ɗauka tarbiyya ce ta kusa sa a farfasa motarmu. 'Yan'uwana masu nauyin baki, kafin ku gyara abin da ba ku sani ba ku tambaya, in kuma kun riga kun ɓata, ku faɗa a ranar. Ni sai da Baba ya zaro makulli sannan na faɗa.